Sokawen da ba ya cika, ina ruwansa ke tafiya?

Duk wanda ya taɓa yin gini a Katsina ko Daura ya san irin alfaharin da magina ke yi idan aka zo kan sokawe. Sai ka ji ana cewa "Alhaji wannan ramin ko shekara ashirin za a yi ba za ka kira motar kwasa ba, ƙasar nan tana sha." Mai gida kuma ya ji daɗi, don kiran motar nan kuɗi ne, ga wari ga kunyar maƙwabta. To amma gida mai mutum goma, kullum ana shiga ban-ɗaki ana kora ruwa, shekara da shekaru ramin bai cika ba, ai dole wani wuri abin ke zuwa. Ƙasa yake yi. Kuma a ƙasan nan ne dai ruwan rijiyarmu da na bohol ɗinmu yake.

Yawancin mutane in an yi wannan maganar hankalinsu kan kwalara da taifot yake tafiya, kuma da gaskiyarsu. Amma akwai wani abu daban da ba a cika maganarsa ba, sinadarin naitiret, wanda halinsa ya saɓa da na ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, har ta kai dabarun da muke yi don mu tsira daga ƙwayoyin cutar wasu ba su taɓa shi, wata ma ƙara shi take.

Bari mu fara da yadda ramin yake. Asalin tsarin kashi biyu ne. Akwai tanki wanda aka yi mashi filasta ciki da ƙasa, ba ya yoyo, galibi ɗaki biyu, nan ne bayan gida ke kwantawa ya ruɓe, mai nauyi ya zauna ƙasa, kumfa da maiƙo su taso sama. Ruwan tsakiya shi ne ke bi ta bututu ya faɗa rami na biyu, wanda shi da gangan ake barinsa ya riƙa tsotsewa cikin ƙasa. A wurinmu da yawa ma ba a yin biyun, rami ɗaya ake haƙawa mai zurfi, a jera bulo ana barin 'yan kafofi tsakani, gindin kuma ba a zuba kankare, a rufe da silab shikenan. Masai na gargajiya da salga su ma duk tafiyar ɗaya ce. Ko wanne ka ɗauka dai ƙarshensa ruwan cikin ƙasa zai shiga, bambancin kawai a wane zurfi da kuma wane hali.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne ba kashi ne babban mai laifi a maganar naitiret ba, fitsari ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na sinadarin naitirojin da jikin mutum ke fitarwa ta fitsari yake fita, a matsayin yuriya, eh wannan yuriyar dai da manomi ke saye a buhu ya zuba wa masara da dawa, sinadari ɗaya ne. Baligi yana fitar da abin da ya kai kilo 4 na naitirojin a shekara, ya ɗan fi ko ya ɗan gaza, ya danganta da yawan nama da wake da makamantansu da yake ci. Wato kowane gida yana da 'yar masana'antar taki a bayan ɗaki, sai dai ba shuka a wurin da za ta sha, an tura shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

A cikin tankin babu iska, to a nan yuriyar ke juyewa ta koma amoniya, ita ce wannan warin mai hawa kai da ke bugun hanci in an ɗaga murfi. Tanki ya iya aikinsa wajen tare ƙazanta mai kauri, amma naitirojin kam ɗan kaɗan yake ragewa, mafi yawansa yana narke a ruwa ya wuce abinsa. A wannan matakin da sauƙi, domin amoniyar tana mannewa jikin laka da yumɓu, ba ta saurin tafiya. Matsalar tana farawa ne lokacin da ruwan ya fita daga ramin ya shiga busasshiyar ƙasa mai iska a tsakanin ƙwayoyinta. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙasa, ba masu sa cuta ba ne, abincinsu kenan, su ke kama amoniyar su haɗa ta da iskar oksijin su maida ta naitirait, wasu kuma su karɓa su ƙarasa ta zuwa naitiret. Shi kuma naitiret ba ya manne wa komi. Laka na ture shi ne ma, saboda cajin lantarkinsu iri ɗaya ne. Ka jiƙa gishiri a ruwa ka tace da ƙyalle ninki goma, ruwan zai fito garau amma gishirin na nan, to haka naitiret ke ratsa ƙasa, duk inda ruwa ya bi yana biye har ya tarar da ruwan da ke kwance a can ƙasa.

Nan ne abin ya ɗan yi ban haushi. Ƙasar rairayi irin tamu ta arewacin jihar nan, mai shan ruwa, mai iska, in dai akwai tazara mai kyau tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, ta iya tace ƙwayoyin cuta, suna maƙalewa a hanya kuma suna mutuwa cikin makonni ko 'yan watanni. Amma wannan iskar da ke taimakawa wajen kashe su ita ce dai ke ƙera naitiret. Wato sokawen da ke aiki yadda ake so shi ne ya fi samar da shi. Hanya ɗaya da ƙasa ke iya kawar da shi da kanta ita ce in ya faɗa wurin da babu iska kuma akwai ruɓaɓɓen ganye ko wani abin da ƙananan halittu za su ci, irin baƙar lakar fadama da ruwa ke kwanciya a kai, nan wasu halittun daban ke fasa shi ya koma iskar naitirojin ya tashi sama, wadda dama ita ce kusan kashi 78 na iskar da muke shaƙa. A jigawa kuwa, inda mafi yawan sababbin unguwanninmu suke, wannan yanayin ba shi da yawa.

Sai maganar tazara. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta da ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da ita ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ban-ɗaki da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa. To dan Allah a duba filotan da ake yankawa yanzu. Hamsin-hamsin, wato ƙafa 50 kowane gefe, mita 15 da ɗan ɗoriya kenan, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna ba zai wuce mita 22 ba. Mai hamsin da ɗari zai iya samun mita 30 ɗin da ƙyar in ya kai sokawe can ƙarshe ya kawo bohol bakin get, sai dai kuma maƙwabcinsa na dama ya riga ya haƙa nasa sokawen jikin katangar, taku huɗu daga inda injin zai huda. A cikin tsohon gari kuwa, irin lungunan cikin ganuwa, ba ma a wannan lissafin, rijiya na tsakar gida masai na bayan ɗaki, haka aka gada. Kuma ko an samu mita 30 ɗin, don ƙwayoyin cuta aka yi ƙa'idar, don a ba su lokaci su mutu kafin su iso. Naitiret ba ya mutuwa, abin da ke rage ƙarfinsa kawai shi ne ya gauraya da ruwa mai tsabta mai yawa.

Mu ɗan yi lissafi na kan takarda don a ga girman abin. Filoti hamsin-hamsin kusan murabba'in mita 230 ne. Ruwan saman da ake samu a yankin Katsina a shekara yana kaiwa wajen milimita 600 zuwa 700, mu ɗauki 650, zai ba ka kamar lita 150,000 da ke sauka kan filotin. Gida mai mutum goma, tunda akwai yara a ciki mu ce kilo 30 na naitirojin a shekara. Mu yi sassauci sosai mu ce kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya isa ruwan ƙasa, kilo 3 kenan, mu ƙara wani sassaucin mu ce duk ruwan saman ya nutse, ba wanda ya bi kwata ba wanda rana ta shanye. Za ka samu miligiram 20 na naitirojin a kowace lita, in aka juya shi zuwa ma'aunin naitiret ya kusa 90. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 50 ne a lita, kuma ita ce dai ke cikin ma'aunin ruwan sha na Najeriya da aka fitar a 2007. Gaskiya ne akwai tituna da filaye da ke ƙara ruwa, akwai kuma ruwan wanka da wanki da ke sirka shi, amma shi wannan ruwan wankan daga ina aka ɗebo shi? Daga ƙasan unguwar dai. Ana jawo shi sama a ƙara mashi a maida, a sake jawowa. Ga intalok da siminti da muke shafe tsakar gida da su, suna hana ruwan sama shiga, alhali sokawe na zuba nasa kullum rani da damina. Shi ya sa ni a ganina tambayar "ina naka sokawen yake" ba ta kai tambayar "ramuka nawa ne a unguwar" muhimmanci ba.

Ba hasashe ba ne, an ga yadda ya kaya a wasu wurare. A Dakar ta Senegal akwai yankin Thiaroye, ƙasar rairayi ce mai ruwa kusa, an daɗe ana jan ruwa daga nan ana ba birnin. Da jama'a suka cika wurin ba tare da magudanar ƙazanta ba, kowa da raminsa, naitiret ya hau har ɗaruruwan miligiram a lita, dole aka rage jan ruwan don sha. Kuma abin ba ya nuna kansa da wuri. A ƙasar alli ta kudancin Ingila an gano naitiret na gangarawa ne kamar mita ɗaya a shekara, har yanzu suna fama da takin da aka zuba shekaru da dama baya. Rairayi ya fi haka sauri, amma dai darasin ɗaya ne, unguwar da aka gama ginawa kwanan nan ruwanta zai iya fitowa lafiya a gwajin bana, abin na kan hanya.

Wani zai ce ai shi bohol gare shi ba rijiya ba. To ya fi, amma ba koyaushe ba. Rijiyar hannu ruwan sama-sama take ɗiba, shi ne na farko da ke karɓar duk abin da ya gangaro. Bohol yana zuwa ƙasa sosai, sai dai zurfi kaɗai ba ya wadatarwa, yadda aka gina shi ne magana. Bayan an huda an zura kesin, akwai rata tsakanin bututun da bangon ramin, ƙa'ida ita ce a zuba tsakuwa a ƙasa wajen da ruwa ke shigowa, sannan a toshe 'yan mitocin sama da siminti. In an yi kwangilar araha aka tura ƙasar da aka fiddo kawai aka rufe, to an buɗe wa ruwan sama-sama hanya ya bi jikin bututu ya gangara. Sannan babban ɓangaren jihar nan kan dutse yake, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da kuma tsagoginsa, shi kuma tsagin dutse ba ya tace komi, ruwa gudu yake a ciki. Ga samasibul da sola da ke ja tun safe har yamma, musamman bohol ɗin da ake sayar wa 'yan garuwa da masu kura, yawan jan yana sa ruwan kewaye ya karkato gare shi har daga ƙarƙashin gidajen da ke nesa. Mai sayen jarka a ƙofar gida bai ma san daga wace unguwa aka ɗebo ba.

To mi yake yi a jiki? Ga babba mai lafiya ba wani abin tashin hankali ba ne nan take, mu ma kullum muna cinsa a alayyafo da latas da kabeji, har ya fi wanda ke zuwa ta ruwa yawa a galibin lokuta. Masana na ta bincike kan ko shan sa shekara da shekaru na da alaƙa da sankarar hanji da matsalar maƙoƙo, wani babban bincike a Denmark a 2018 ya nuna alamar alaƙa da sankarar hanji, amma maganar ba ta zama yankakkiya ba. Wanda aka tabbatar, wanda kuma saboda shi aka sa iyakar 50 ɗin, jarirai ne, musamman 'yan ƙasa da wata uku zuwa shida. Wani likita a jihar Iowa ta Amurka mai suna Hunter Comly shi ya fara bayyana abin a 1945, bayan ya ga jarirai da aka dama wa madara da ruwan rijiya jikinsu ya canza launi. A cikin jariri naitiret na komawa naitirait, ya shiga jini ya lalata sinadarin da ke ɗaukar oksijin, sai yaro na numfashi amma jinin ba ya kai iskar inda ake buƙata. Jariri ya fi shiga haɗari don cikinsa bai yi tsamin na babba ba, jininsa ya fi saurin lalacewa ta wannan hanyar, abin da ke gyara jinin bai gama ƙwari ba, ga shi in aka gwada da nauyinsa ya fi kowa shan ruwa. In yana zawo kuma abin ya fi muni. Littattafan Turawa cewa suke yaro zai yi shuɗi, amma a fatarmu ba lallai ka gani a jiki ba, sai ka duba leɓe da dasashi da harshe da ƙarƙashin farce, za ka ga sun yi toka-toka ko duhu, yaro ya yi laushi, yana haki, ba ya kama nono. Jinin in an ɗiba yakan fito ruwan ƙasa-ƙasa maimakon ja. Wannan asibiti ake nufa kai tsaye, akwai allurar da ke warware shi in an je da wuri.

Nonon uwa ba ya ɗauko naitiret mai yawa ko da uwar na shan ruwan, don haka shayarwa zalla ta wata shida da ake ta nanatawa a awo ta rufe wannan ƙofar. Inda ake samun matsala shi ne madarar gwangwani ga yaron da uwarsa ta rasu ko nono bai zo ba, da ɗan ruwan da kaka ke ɗura wa jinjiri wai zafi ya yi yawa, da jiƙe-jiƙe, da kokon da ake fara badawa da wuri. Kuma uwa mai kula ita ce za ta tafasa ruwan sosai kafin ta dama, wanda daidai ne don ƙwayoyin cuta, amma tafasawa ba ta fidda naitiret, tururi ne ke tafiya shi ya zauna, in aka bar tukunya na ta ɓararraka har ruwan ya ragu to ƙaruwa ma ya yi. Alim ba ya kama shi, kulorin ba ya taɓa shi, tacewa da ƙyalle ko 'yar matatar kyandir duk a banza. Ba shi da launi ba shi da wari, ɗanɗano ma ba za ka ji ba, ruwan randa mai sanyi garau zai iya ninka iyakar. Cikin abin da ke cire shi akwai injin tacewa mai tura ruwa da ƙarfi ta wata siririyar fata, irin wanda wasu masu fiya wata ke da shi, wasu fa ba duka ba, ko kuma a turara ruwan a tari tururin.

Saboda haka gwaji ne kawai zai faɗa maka. Ba wani abu ne mai wuya ba, ɗakunan gwaji na jami'o'i da na hukumomin ruwa na yi, akwai ma 'yan takardun tsomawa da ke canza launi su ba ka ƙiyasi. Ka kula da ma'aunin da aka rubuta a sakamakon, don wasu naitiret suke rubutawa iyakarsa 50, wasu kuma naitirojin ɗin cikinsa suke rubutawa, nan iyakar 11 ce, Amurkawa ma 10 suke sawa, mutum zai iya ganin 30 ya yi murna alhali a ma'auni na biyu ne, ya kusa ninka iyaka sau uku. Ya fi kyau a gwada sau biyu, ƙarshen rani da kuma bayan ruwan Agusta lokacin da rijiyoyi suka taso. A haɗa da gwajin ƙwayoyin cutar bayan gida, in su biyun suka fito tare to akwai hanya kai tsaye daga wani rami. Ba kuma kowane naitiret ne na sokawe ba, turken shanu da tumaki da ke kusa da rijiya, bola, tsohon kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai, gonakin bayan gari da ake zuba wa taki, duk suna bada nasu. A cikin gari mai cunkoso dai ramukan ban-ɗaki ne kan gaba.

Abin da mai gida zai iya yi da kansa yana da iyaka amma ba a rasa ba. Kada a zurfafa rami har a kusanci ruwa don gudun kwasa, rami mai faɗi marar zurfi ya fi, kuma wanda ya maida tsohuwar rijiyar da ta ƙafe ta zama masai ko sokawe, abin da ake yi a wasu gidajen, wannan kai tsaye ya zuba wa unguwa a ruwan sha. A tsaya kan mai haƙa bohol ranar da zai zuba simintin toshiya a gani da ido. Gidan da ke da jinjiri mai shan madara, in ba a san halin ruwan ba, a nemi wanda aka gwada, ko a tari ruwan sama bayan na farko ya wanke kwano a tafasa, shi naitiret ɗinsa kaɗan ne. Sauran kuma aikin masu yanka filaye ne da hukumomin tsara gari da na ruwa, domin unguwar da kowane gida ke da bohol da sokawe a kan ƙafa hamsin ba wata dabarar magini da za ta raba ruwan biyu. Ko dai ruwan sha ya zo ta famfo daga nesa, irin na dam ɗin Ajiwa da Zobe da Sabke, ko a haƙa na unguwa a wajen gari inda ba ramuka a jawo shi da bututu, ko kuma a koma tankunan da ba su yoyo ana kwashewa a kai a kai, sannan a tanadi wurin da motocin kwasar za su riƙa juyewa a sarrafa, don in a bakin rafi ko tsohon ramin bulo za su zubar, an dai ɗauke shi ne daga ƙarƙashin wata unguwa an kai ƙarƙashin wata.